Yadda ake sayen tsohon gida, a gyara shi, a zuba 'yan haya

Gidan farko da na saya don haya, sau biyu na yi masa fenti cikin wata biyar. Na farko ɗoki ne ya sa, ina so in ga gida ya yi fes in sa mutane. Na biyu kuwa dole ce, domin bangon falo ya kumbura, fenti ya yi ta saɓa kamar maciji. Ashe bututun da ke cikin bangon banɗaki ne yake tsiyaya tun kafin in saya. Aka fasa bangon, aka fasa tayil ɗin da ban gama hucewa da kuɗinsa ba, aka sake komai. Tun daga nan na gyara gidaje da dama, kuma tsarin da zan ba ka a nan duk a kan abu ɗaya ya tsaya: ruwa ake fara bi, fenti shi ne na ƙarshe.

Kayan da za ka tanada

Ba sai ka mallaki kayan magini ba, na dubawa kawai kake bukata. Ka nemi tocila mai haske sosai, tef na awo mai tsawon mita 5 zuwa sama, ƙaramar guduma, sukudireba mai faɗin baki, abin gwada wuta, da tsani. Ka haɗa da fensir, littafi guda wanda ba za ka rubuta komai a ciki ba sai lamarin wannan gida, farar leda mai kauri da salatif, bokiti, da wayarka don ɗaukar hoto. Akwai ƙaramar na'urar auna danshin bango, tana da amfani, amma in babu ita ledar nan za ta yi aikinta, zan nuna maka yadda. In ba ka da lebur na gwada daidaiton ƙasa, ƙwallon yara ma ya isa: ka ajiye shi a tsakiyar ɗaki ka ga inda zai gangara.

Mutane kuma huɗu ne ba makawa: lauya, magini, mai aikin famfo, da mai aikin wuta. Ka san su tun kafin ka ga gidan, ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Ka yi lissafi kafin gidan ya shiga ranka

Mutum in ya riga ya so gida, lissafi ma sai ya goyi bayansa. Saboda haka ka zauna da fensir tun ranka bai kama ba.

Mu ɗauki misali da adadi kawai, ka sa kowane irin kuɗi kake so. An sayar maka da gida 800. Gyara zai ci 150. Lauya, dillali, haraji da sauya suna a takarda sun ci 50. Ke nan ka zuba 1,000, kuma da wannan adadin ake lissafi, ba da 800 ba. Nan ne sabon shiga yake fara yaudarar kansa. In hayar 8 ce a kowane wata, shekara ta kama 96, sai ka ji mutum yana cewa ribarsa ta kusa kashi 10 cikin 100. To, mu cire. Gida ba ya cika kullum, ka ɗauka a kowace shekara wata ɗaya zai zauna babu kowa: saura 88. Ka ware kamar kashi 1 cikin 100 na darajar gidan don gyaran yau da gobe, wato 10: saura 78. Haraji da inshora mu ce 8: saura 70. In wakili ne zai riƙa karɓar maka haya, ya ɗauki kashi 10 cikin abin da ya karɓo, ka koma wajen 61. Ribar gaskiya ke nan kashi 6 zuwa 7, kuma kafin jarinka ya dawo daga haya kaɗai sai an yi shekara 14 zuwa 16.

Wannan ba don in kashe maka gwiwa ba ne. Gidan yana nan, darajarsa na iya ƙaruwa. Amma in da bashi za ka saya, ka tabbata hayar da ta rage bayan duk waɗannan cire-ciren ta fi abin da za ka riƙa biya duk wata. In sai ka cika daga aljihunka, to kai ne ɗan hayar gidan ba ka sani ba.

Kuɗin hayar da za ka sa a lissafi kuma, kada ka karɓa daga bakin mai sayarwa ko dillali. Ka tambayi mutum uku ko huɗu da ke haya a irin wannan gida a layin, su ne suka san abin da suke biya.

2. Takardu

Wannan aikin lauya ne, kuma lauyanka, ba na mai sayarwa ba. Ya je ofishin rajistar filaye na hukuma ya tabbatar sunan da ke kan takarda shi ne na mai sayarwa, gidan ba jingina yake ba, babu shari'a a kansa, babu bashin haraji. In gidan gado ne, duk mai haƙƙi ya sa hannu, har wanda ke nesa. A auna iyakokin fili a gwada da zanen da ke takarda. Ka tambayi bashin wuta da na ruwa, don a wurare da yawa mita suke bi, ba mutum ba. In akwai ɗan haya a ciki, ka ga yarjejeniyarsa da idonka, ka san zuwa yaushe ya biya. Kafin alƙalami ma kada ka bayar sai da rubutu da shaidu.

3. Duba gidan

A nan nake so ka ɓata lokaci. Ka je sau uku aƙalla: da rana tsaka, da dare, da kuma ranar da aka yi ruwan sama ko washegari. Da rana za ka ga gini, da dare za ka ji unguwa, ranar ruwa kuma gidan da kansa zai faɗa maka abin da mai shi ya ɓoye. In ba lokacin ruwa ba ne, ka sa yaro ya hau da tiyo ya jiƙa rufin na minti ashirin kana ciki da tocila.

Ka fara daga waje. Zagaya gidan kana kallon ƙasa: ina ruwa yake bi in ya sauko daga rufi? Ƙasar waje ta gangara ta bar bango, ko ta gangaro wajensa? Daben cikin gida ya kamata ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. In titi ya fi gidan tudu, ka san duk shekara kana da baƙo. Dubi gindin bango. In ka ga fenti ya kumbura daga ƙasa zuwa kamar gwiwa ko ƙugu, da wani farin gari mai kama da gishiri, danshi ne yake hawowa daga ƙasa. Kuma ka yi hattara da gidan da aka yi wa sabon fenti a gindin bango kaɗai, ruwa ba ya tsami banza.

Ga gwajin leda. Ka yanki leda kamar faɗin littafi biyu, ka manna ta a bangon da kake zargi, ka rufe gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ka dawo bayan kwana ɗaya ko biyu. In raɓa ta taru ta ciki, tsakanin leda da bango, ruwan daga cikin bangon yake, ko bututu ko ƙasa. In a bayan ledar ta taru, ta ɓangaren ɗaki, to rashin iska ne kawai, taga ko ƙaramar fanka mai fitar da tururi za ta magance shi. Bambancin kuɗin gyaran waɗannan biyun kamar sama da ƙasa ne.

Sai tsagewar bango. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi, wadda ta bazu a fuskar filasta, ta filasta ce kawai, a cike a wuce. Wadda ake gudu ita ce mai faɗin da ya wuce milimita 5, ko wadda ta hau a karkace kamar matakala tana bin bakin bulo, ko wadda ta buɗe a sama ta tsuke a ƙasa, musamman in ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga. In ka haɗa wannan da ƙofa mai cijewa da ƙwallon da ya gangara gefe guda da gudu, harsashin gini ne yake zama. Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ka rubuta kwanan wata, ka dawo bayan 'yan makonni. In ta wuce layin, tana raye. Wannan ba na magini ba ne, injiniyan gini za ka kira, kuma sau da yawa amsar ita ce ka haƙura da gidan.

Ka hau tsani ka leƙa cikin silin. Mutane ba sa so, akwai zafi da ƙura, amma rabin labarin gida a can yake. Ka kashe tocila ka ga ko haske yana shigowa ta ƙofofin ƙusa. Ka kunna ka nemi baƙin tabo a jikin katako. Ka soka sukudireba: in ya nutse kamar cikin soso, ko gara ta ci ko ruwa ya ruɓar. Gara tana barin siririyar hanyar laka a jikin bango, ka bi ta ka ga inda ta nufa.

A ɗakunan da ke da tayil, ka riƙe guduma ta kai, ka riƙa ƙwanƙwasa ƙasa da ƙotar. Wanda ya kama da kyau yana ba da sauti a dunƙule. Wanda ya saki sai ka ji ƙwal-ƙwal kamar ka buga ƙwarya. Ka sa masa alama da fensir. Biyu ko uku ba komai, amma in rabin ɗaki ya amsa haka, sabon dabe ne a gabanka.

Famfo: ka rufe duk kawunan famfo, ka duba mitar ruwa ko ka sa alama a tanki, ka dawo bayan awa biyu. In ruwa ya ragu, akwai inda yake zuwa. Ka sheƙa bokiti cike a kowane masai da kowace magudanar banɗaki, ka saurara. Mai lafiya zai wuce da sauri. In ya yi jinkiri yana gurnani, ko dai bututu ya toshe ko ramin masai ya cika.

Wuta: ka buɗe akwatin rarraba wuta ka duba, amma kada ka taɓa. Baƙin tabon ƙuna, warin roba, waya da aka sa a madadin fis, duk alamu ne cewa sai an sake wayarin. Sauran ka bar wa mai aikin.

Abu biyu game da tsofaffin gidaje ƙwarai. Wasu rufinsu ko silin ɗinsu na asbesto ne, wani abu mai kama da siminti da aka matse. In yana zaune lafiya ba ya cutarwa, amma ƙurarsa in an yanka ko an fasa tana lalata huhu, shi ya sa Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Tsohon fentin mai kuma wani yana da dalma a ciki, wadda guba ce, Amurka ta hana shi a gidaje tun 1978. Kada a goge irin wannan a bushe, musamman a gidan da yara za su zauna.

Duk abin da ka gani ka rubuta, ka ɗauki hoto. Wannan jerin shi ne makamin cinikinka, kuma shi ne farkon takardar aikinka.

4. Tsara aiki da ɗaukar ma'aikata

Ka raba abin da ka rubuta gida uku: wanda in ba a yi ba gidan zai lalace ko ya cuci mutum, wanda in ba a yi ba ɗan haya ba zai shiga ba, da wanda ranka ne kawai yake so. Na ukun ka soke shi. Ba kai za ka kwana a ciki ba, kuma ɗan haya ba ya ƙara maka ko kwabo don fitilar falo ta yi kyau.

Ka kira ma'aikata uku a kowane fanni, ka ba su takarda iri ɗaya, kowa ya rubuta kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Wanda ya faɗi ƙasa ƙwarai ka yi masa tambayoyi, galibi wani abu ya tsallake wanda zai dawo da shi a tsakiyar aiki lokacin da gidanka yake a farfashe. Ka nemi kowa ya kai ka aikin da ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce. Sabon aiki kowa nasa mai kyau ne.

A kan jimlar ka ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da ba a gani ba. Tsohon gida in an buɗe bango sai an samu wani abu.

Biya kuma a mataki-mataki. Na taɓa ba wani mai aikin rufi kashi biyu cikin uku na kuɗinsa a ranar farko, don ya ce zai haɗa kaya a sauƙaƙe. Ya kware rabin rufin, ya tafi wani aikin da kuɗina, ya bar ni ina kallon hadari. Yanzu kayan da kaina nake saya ko in bi mai aikin mu je tare, kuɗin aiki kuma sai an gama kowane mataki na duba. Kashi 5 zuwa 10 na ƙarshe ina riƙe shi har a yi wata guda da gamawa, kuma tun farko nake faɗa, a rubuce. In gyaran zai taɓa bango mai ɗauke da nauyi, ko za ka ƙara ɗaki, ka nemi izinin hukumar tsara gine-gine kafin a sa guduma.

5. Jerin yadda aikin zai bi

Daga sama zuwa ƙasa, daga ɓoye zuwa bayyane. In ka juya wannan tsari, sau biyu za ka biya.

Rufi ne farko. A sauya katakon da ya ruɓe, a shafa wa sabon maganin gara, a toshe ko a sauya kwanon da ya huje, a gyara indararo yadda ruwa zai faɗi nesa da bango. In kuɗi bai isa sabon rufi ba, a sauya fallayen da suka fi lalacewa a bar sauran, amma kwaruruwan da rufi biyu suka haɗu a sake su gaba ɗaya, nan ne yoyo ya fi farawa.

Sai rushe-rushe da gyaran gini. A kankare filastar da danshi ya ci har a wuce iyakar tabon da kamar taƙi biyu, a bar bangon ya sha iska. A gyara gangaren ƙasar waje, a zuba dabe a gindin bango kewaye da gidan. In ba a kashe tushen danshin ba, sabuwar filasta ma shekara ɗaya za ta yi.

Daga nan famfo da wuta, tun bango yana buɗe. Bututun da ke fitar da ƙazanta, mai faɗin milimita 100 ko 110, yana son gangaren kamar santimita 2 zuwa 2.5 a kowace mita. In ya kwanta sosai ba zai tafi ba. Kafin a rufe kowane bututun ruwa da siminti, a cika shi, a toshe bakinsa, a bar shi ya kwana, a duba kowace mahaɗa da busasshen hannu. Sa'an nan ka ɗauki hoton bangon da tef a miƙe a jikinsa, yadda bayan shekara biyar za ka san inda bututu ya bi ba sai an yi ta fasa bango ana lalube ba. Ka sa wa kowane banɗaki da kicin makullin ruwa nasa, don in famfo ɗaya ya lalace kada a kashe wa gida duka.

A wuta, inda ake amfani da bolt 220 zuwa 240, kaurin wayar fitilu murabba'in milimita 1.5 ne, na ta soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da ta dafa ruwa kuma kowace da layinta. A sa wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, a sa makatsin da ke ɗauke wuta in ta fara bin jikin mutum, mai miliamfa 30. Nan ba wurin tsimi ba ne. Kuma in gidan ɓangare-ɓangare ne, ka yi duk yadda za ka yi kowane ɓangare ya samu mitarsa. Rigimar kuɗin wuta tsakanin maƙwabta ta fi kowace rigima kawo wa mai gida waya da tsakar dare. In hukumar wuta ba ta ba da mita da wuri ba, ƙaramar mitar cikin gida ga kowane ɓangare tana raba gardama.

Banɗaki yana da nasa gwajin. A shafa maganin hana ruwa a ƙasa, a haura da shi bango, a wurin wanka har sama da kai. In ya bushe a toshe magudana, a tara ruwa kamar tsawon yatsa, a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. A duba bayan bango da ɗakin da ke ƙasa in bene ne. Sai an tabbata babu ɗigo a sa tayil, da gangaren santimita 1 zuwa 2 a mita zuwa magudana. Kafin ka biya mai tayil ka sheƙa bokiti a kusurwa mafi nisa ka ga ko duk ruwan ya tafi.

Filasta: awo ɗaya na siminti, huɗu na yashi a waje, biyar zuwa shida a ciki. A riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana 7. Sa'an nan a ƙyale ta ta bushe, kamar mako huɗu, kafin fenti. Na san wata guda gida yana zaune ba haya yana da ciwo, kuma mai fenti zai ce maka ai ta bushe. Ka sake manna ledarka, ita ba ta neman aiki.

6. Kayan gamawa

Ƙa'idata a nan ita ce mai ƙwari, mai sauƙin samu, mai sauƙin wankewa. Launin fenti ɗaya mai haske a duk gidan, ka rubuta sunansa da lambarsa a littafinka, yadda in ɗan haya ya tashi za ka taɓa bango ɗaya kawai. Lita ɗaya tana shafe kamar murabba'in mita 10 a shafi ɗaya in bango mai santsi ne, kuma shafi biyu ake yi bayan na share fage. A kicin, banɗaki da hanyar wucewa ka sa mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da tsumma.

Tayil ka sayi ƙarin kashi 10 cikin 100, ragowar ka ɓoye, domin bayan shekara biyu ba za ka sami irinsa a kasuwa ba. Inda hannu ke taɓawa kullum, wato kan famfo, makulli, madannin masai da hannun ƙofa, a nan ka sayi mai kyau. Araha ba ta ado, kuma kowane kan famfo da ya karye zuwa ɗaya ne na mai gyara. Ka sa ƙararrawar hayaƙi a hanyar ɗakunan kwana.

7. Sa kuɗin haya da zaɓen wanda zai shiga

Kuɗin da ka kashe a gyara bai dami kasuwa ba. Ka sa hayarka daidai da ta maƙwabta, ko ƙasa kaɗan. Duba lissafin: in ka dage sai 9 maimakon 8, gidan ya yi wata biyu babu kowa, ka yi asarar 16 don neman ƙarin 12 a shekara.

Duk wanda ya zo, ko ta hannun wa ya biyo, ka bi hanya ɗaya da shi. Ka ga shaidar ko wane ne shi, ka ga shaidar abin da yake samu. Masu gidaje da yawa suna so samun mutum ya kai ninki uku na hayar, ni ma da shi nake aiki. Ka tambayi mutum nawa za su zauna. Ka yi magana da mai gidan da ya bari, in da hali har na kafin wannan. Mai gidan yanzu yana iya yabon mutum don ya rabu da shi, na baya kuwa ba abin da zai ci. Wanda ya zo da kuɗi a hannu yana so ya tare yau-yau, ba ya son tambaya, shi ne wanda ya fi bukatar tambaya. Kuma mizaninka ya tsaya a kan biya da riƙon gida. Ƙin mutum saboda addininsa, ƙabilarsa ko launinsa zalunci ne, a ƙasashe da yawa ma laifi ne a doka.

Ɗan'uwa ko aboki fa? In za ka iya kallon idonsa ka ce wata ya ƙare, ka ba shi, da takarda kamar kowa. In ba za ka iya ba, ka taimaka masa ta wata hanyar.

8. Yarjejeniya da miƙa makulli

Lauya ya rubuta maka guda ɗaya bisa dokar hayar inda gidan yake, ka riƙa amfani da ita. Ta ƙunshi sunaye, kuɗi da ranar biya, tsawon zama, wa'adin sanarwa kafin tashi ko ƙarin haya, wa ke gyara me, da hanin sa wani a gidan ko fasa bango ba izini. In za ka karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, ka bi abin da doka ta iyakance, kuma ka ajiye shi gefe, ba naka ba ne.

Ranar miƙa makulli ku zagaya tare, ɗaki-ɗaki. Ku kunna kowace fitila, ku buɗe kowane famfo, ku ɗauki hoto, ku rubuta lambar da ke kan mitoci da adadin makullai, ku sa hannu ku biyun. Ka nuna masa inda ake kashe ruwa da inda ake kashe wuta. Minti biyu ne, amma ranar da bututu ya fashe da dare su ne za su ceci silin ɗinka.

9. Bayan ya tare

Haya ta riƙa shiga asusu daban, da rasit ko shaidar banki kowane biya. Kason gyara ka cire shi ranar da kuɗin ya shigo, in ka bari ya kwana cikin kuɗin cefane ya tafi. In ɗan haya ya kira a kan ruwa ko wuta, ka tura mai gyara cikin kwana ɗaya. Wanda aka yi banza da shi sau biyu ba zai ƙara kira ba, sai ya sa bokiti ƙarƙashin yoyon ya yi shiru, kai kuma katakonka yana ruɓewa. Sau biyu a shekara ka sanar da shi ka zo dubawa, ɗaya kafin lokacin ruwa don share indararo da magudana.

In biya ya yi jinkiri, ka yi magana a makon farko, cikin mutunci, sa'an nan ka bi da rubutu. Mutumin kirki da ya shiga matsala a kan yi masa tsarin biya kaɗan-kaɗan, shi ma a rubuce. In abin ya ƙi, sanarwa da kotu ce hanya. Kada ka cire ƙofa, kada ka yanke wuta ko ruwa, kada ka fitar da kayansa waje. Yin haka yana mayar da mai bin bashi wanda ake ƙara.

Ranar da zai tashi, ka ɗauko takardar ranar shiga da hotunanta, ku sake zagayawa. Fentin da ya dusashe da tsufan kaya naka ne, gilashin da aka fasa da ƙofar da aka ɓalla nasa ne. Ka cire abin da ya kamata da rasit, ka mayar masa da sauran da wuri. Ka sauya makullan waje a ranar, ka rufe duk kawunan famfo ka duba mita bayan awa biyu, ka hau tsani ka leƙa silin, sa'an nan ka kira mai fenti.